Ni na bar shinkafa da sukari, mutanen gidana sun ƙi bina

Mai tambaya: Assalamu alaikum, don Allah a ɓoye sunana. Tun haihuwata ta uku jikina ya buɗe, ga ciwon gwiwa, hawa bene sai na tsaya na huta, kayana masu kyau duk na rabar. Ƙawata ce ta nuna min keto, wato tsarin cin abinci na yanke sitaci, na ajiye shinkafa, burodi, taliya da sukari, na koma ƙwai, kifi, nama da ganye. Da farko na sha ciwon kai da kasala, ga warin baki, amma na daure, yanzu alhamdulillahi na zube. Damuwata maigida ne, tumbi sai gaba yake, kullum da lemon gwangwani a hannu. Na rage shinkafar tukunya ban faɗa masa ba, da ya gane sai ya koma ci a waje, ya shigo ya ce a ƙoshe yake. Mahaifiyarsa na wurinmu, tana da ciwon suga, ita ma na ɗora ta a kai. Yanzu ƙannensa na cewa da yunwa nake horar da Mama. Ya zan yi su bi?

Hajiya Babba: 'Yata, ludayi a hannunki yake. Abin da kika dafa shi za a ci. Gwangwanin lemo ɗaya na ɗauke da sukari kusan giram 35, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya cewa ta yi kada babba ya wuce wajen giram 50 a yini. Ki kwashe su daga firij, ya yi fushin kwana biyu ya sauko.

Baban Yara: Hajiya, da girmanki, wannan shawarar raba gida ce. Tawa matar haka ta yi min, na dawo a gajiye na buɗe kwano na tarar da kabeji da dafaffen ƙwai biyu suna kallona. Ban ce uffan ba, amma har yau abin na raina. Da tambayata ta yi, wataƙila da na rage da kaina.

Maman Tagwaye: Ni dangin mijin ne suka tsaya min a rai. Nawa ko gishiri na rage sai an kira taro. Kada ki kula su, ba sa taɓa ganin alheri.

Anti Nas: Ku bar zancen miji tukuna. Ƙanwata, wane magani Mama take sha? Idan allurar insulin ce ko ƙwayar ciwon suga ta glibenclamide, kika yanke mata sitaci ba a rage magani ba, sugarta na iya faɗuwa: gumi, rawar hannu, ruɗewa, har suma. Keto fa a 1921 aka fito da shi don masu farfaɗiya, musamman yara, kuma ƙarƙashin kulawar likita.

Mai tambaya: Anti, ai ba hana ta na yi gaba ɗaya ba. Kuma sugarta ta sauka, na auna da idona. Baban Yara, da na tambaye shi dariya zai yi, na san mijina.

Hajiya Babba: Kun ji ko? Ta sauka! Mutanen asibiti ba ku son a rabu da magani. Ni shekara nawa ina kan keto, lafiyata lau.

Ɗalibi: Hajiya, a wani bincike da aka wallafa a 2018, jami'ar Stanford ta Amurka ta bi mutum 609 tsawon shekara guda, rabi sun rage sitaci, rabi sun rage mai. Ramar da suka yi kusan ɗaya ce. Idan maigida zai iya barin lemo ya ci gaba da shinkafarsa, me ya sa sai lallai hanyarki, Yaya?

Mai tambaya: Saboda ita na gwada na ga amfaninta. Kuma girki biyu kullum wa zai iya? Ni kaɗai ce a kicin.

Anti Nas: Saukar sugar ita ce abin da nake tsoro. Nawa kika gani a na'urar? Kuma har yanzu ba ki faɗi sunan maganin ba.

Mai tambaya: Zan duba kwalin idan ta tashi barci. Hajiya, lemon nan, duka zan kwashe lokaci ɗaya ko in bar masa guda biyu?