Lambobin jikin taya, da batun ɗora rim ɗin Camry a Corolla

Malamin makaranta, Mabera:

Assalamu alaikum jama'a. Corolla 2006 gare ni, shigowar Amurka. Tayoyin gaba sun suɗe, ga shi bayan Salla ina so in kai iyali Zariya. A jikinsu an rubuta 195/65 R15 91H, ni kuwa 15 ɗin kaɗai na sani, don ita ce mai faci ke tambaya. Da na je saye, wani ya fito min da 205/65 R15 'yar Beljiyam, zanenta raɗau, ya ce sha biyar ai sha biyar ce, in ɗauka kawai. Sannan surukina ya canza rim ɗin Camry ɗinsa, ya ba ni tsofaffin kyauta har da tayoyinsu, 215/60 R16. Don Allah me waɗannan lambobi ke nufi? Kuma in ɗora na Camry ɗin ko in haƙura?

Tsohon direba, Runjin Sambo:

Wa alaikumus salam Malam. Ka yi kyan kai da ka tambaya kafin ka zaro kuɗi. Na ci tuwo da hanyar Gusau zuwa Funtuwa tun ƙuruciya, abin da na gani taya ta yi wa mutane a kanta shi ya sa ba na wasa da wannan magana.

195 faɗin taya ne a milimita. 65 tsayin gefenta ne, daga bakin rim zuwa inda take taka ƙasa, amma ba a milimita ba: kashi 65 cikin 100 ne na faɗin. Kenan gefen tayarka ya kai milimita 127. R ɗin na nuna irin saƙar wayoyin ciki, kusan duk tayar ƙaramar mota yanzu haka take. 15 kuma girman rim ne a inci. To ka ga 205/65 da aka miƙo maka za ta shiga rim ɗinka, amma ta fi taka faɗi, ta fi ta tsayi da kamar milimita 13. In za ka sa ta, sai dai biyu tare a gaba ko biyu tare a baya. Ɗaya dama ɗaya hagu masu tsayi daban, mota za ta riƙa ja gefe, birki ma ba zai kama daidai ba.

91 nauyin da taya ɗaya ke iya ɗauka ne, kilo 615. H kuma iyakar gudunta, kilomita 210 a awa. T 190 ce, V 240. Kada ka ce ai ni ban taɓa kai 140 ba, ina ruwana. Tayar da aka yi don gudu mai yawa ta fi jure zafi, mu kuma a nan zafin ne abokin gabarmu. Buɗe ƙofar direba, akwai takarda manne a jikin ginshiƙin. Abin da ta ce shi ne ƙa'idar motarka, lambar nauyi da harafin gudu ka haura su in ka so, amma kada ka sauka ƙasa da su.

Yanzu ga inda nake so ka buɗe ido sosai, Malam. Koma wurin mai 'yar Beljiyam ɗin nan, ka sa ya mirgino ta rana, ka nemi inda aka rubuta DOT. Bi layin har ƙarshe, za ka ga lambobi huɗu a cikin wani ɗan zagaye. Biyun farko sati ne, biyun ƙarshe shekara. 2319 na nufin sati na 23 a 2019. Wani lokaci a fuska ɗaya kaɗai ake buga su, in ba ka gani ba ka juya ta. In uku ka gani, an yi ta kafin shekarar 2000, ko kyauta aka ba ka kada ka karɓa. Hukumar kiyaye haɗurra shekara 4 take wa'azi a kai. Masu kamfanin taya irin su Michelin suna cewa daga shekara 5 a riƙa dubawa duk shekara, in ta kai 10 a cire ko da zanenta na nan. Ni a Sakkwato na fi karkata ga maganar hukuma, domin a watan Afrilu da Mayu zafi kan wuce digiri 40 a inuwa, balle kwalta da azahar, wadda ba ka iya dafa ta da tafin hannu. Roba in ta tsufa bushewa take, ta tsattsage kamar dugadugi a lokacin hunturu. Lanƙwasa gefen tayar da hannu ka kai ido kusa, in ka ga ƙananan tsaga a tsakanin rubutun, ta gama aiki.

Duba kuma kusa da zane, wasu tayoyin na ɗauke da TEMPERATURE da harafi a gabansa, A ko B ko C. Nemi A, ita ta fi jure zafi. In ka ga hoton dutse mai ƙololuwa uku da alamar ƙanƙara a cikinsa, tayar hunturun Turai ce, robarta mai laushi ce don sanyin da ya yi ƙasa da digiri 7. Irinsu sun cika cikin na hannu, su ne kuma suka fi ruɗin mutane da zane mai zurfi. A kwaltarmu nan da nan suke cinyewa.

Makanike, garejin Buzaye:

Baba ya gama magana kan taya. Batun rim kuma Malam, ka haƙura. Corolla ɗinka rami biyar gare ta, Camry ma biyar, amma tazararsu ba ɗaya ba ce. Taka 5x100, ta Camry 5x114.3, wato da'irar da ramukan suka zauna a kai ta fi taka girma da fiye da milimita 14. Ba zai shiga ba. Ramin tsakiya ma haka, naka milimita 54.1, na Camry 60.1. Za ka sami wanda zai ce ya iya ƙara ramin da injin huda. Kada ka yarda. Na ga rim ɗin da aka yi wa haka, noti bai zauna a mazauninsa ba, ramin ya zama kamar ƙwai, mota na kaɗa sitiyari, ƙarshe ƙusoshi biyu suka tsinke.

Ko da ma ya shiga, 215/60 R16 ta fi tayarka tsayi da kusan milimita 30. Za ta riƙa gugar madigadi in ka murɗa sitiyari ko ka faɗa rami da mutane a baya, kuma allurar gudu na nuna 100 kana tafiya kusan 105. In kana sha'awar 16, nemi rim mai 5x100 ka sa masa 205/55 R16, tsayinta kusan ɗaya da naka. Amma gefenta gajere ne, da ramukan hanyar Talata Mafara gara ka zauna kan 15 ɗinka.

Direban layin Illela:

Awo, gaskiya ta Baba ya hwaɗi. Abin da zan ƙara shi na batun iska. Lambar da kag gani jikin taya kusa da MAX, iyaka ta, ba ita a ƙa'idar mota ba. A auna da sahe kahin a tashi. In kat tsaya hanya kag ga geji ya hau, kak ka sace iskar, zahi na, za ta sauka da kanta. Taya mai ƙarancin iska ita ka yin zahi ta hwashe. Mu masu bas kuma sai mai C a ƙarshe, wato tayar motar ɗaukar kaya, kamar 195 R15C, don buhunan albasa ba su san wasa ba.

Malamin makaranta, Mabera:

Allah Ya saka da alheri, Baba da sauran 'yan'uwa. Na koma na duba. 3814 ne a jikinta, ga hoton dutsen nan da ƙanƙara ƙarara. Na bar masa abinsa. Sai dai sabuwa ta yi tsada, ƙarfina bai wuce biyu ba a wannan wata. In sa su a gaba ko?

Tsohon direba, Runjin Sambo:

Tsadar gaskiya ce, tun da Michelin ta rufe masana'antarta ta Fatakwal a 2007, Dunlop ta bi baya a Legas a 2008, shigo mana da su ake, farashi na bin dala. Sayi biyun, amma sabuwar ma ka karanta mata DOT, don wata ta shekara uku a shago. Mutanenmu gaba suke sa sababbi, masu taya kuwa baya suke cewa a sa, saboda in baya ya kufce a kan ruwa ko a kwana, sitiyari ba ya iya dawo da shi. To sababbi a baya, na bayanka na yanzu su dawo gaba, in har shekarunsu da zanensu sun yarda. Cikin kwarin zanen akwai 'yan tudu da ke nuna milimita 1.6, in sun zo daidai da fuskar taya, su ma sun tashi aiki, sai ka ɗage tafiyar zuwa albashi na gaba. Ka ɗauko min lambar DOT ɗinsu da ta safaya in gani.