Neman kalma: wasan da aka tashi ƙwallo ba ta shiga ragar gola ba

Mai Fassara: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Akwai rubutu kan tarihin Petr Cech, tsohon mai tsaron ragar Chelsea, da za a karanta a shirin wasanni na rediyo gobe da safe, yau da daddare ake son na miƙa shi. Kalmar "clean sheet" ce ta tsaya min a wuya. Wato wasan da aka tashi ba a zura wa ƙungiya ƙwallo ko ɗaya ba. Cech yana da 202 a gasar Firimiya, babu golan da ya kai shi, kuma 24 daga ciki a kakar 2004/05 ya yi su, kakarsa ta farko a Chelsea bayan ya baro Rennes. Idan duk inda ta fito zan ce "wasannin da ba a zura masa ƙwallo a raga ba", numfashin mai karantawa zai ƙare. Ina son abu gajere wanda zai ɗauki lamba.

Ɗan Jarida: Wa alaikumus salam. "Tsaftatacciyar raga" fa? Ko "farar takarda", tunda asalin maganar takardar rubuta sakamako ce da aka bari babu komai a kanta.

Malamar Hausa: Farar takarda ba za ta yi ba. Bahaushe ya ji farar takarda, tunaninsa zai tafi ga takardar gwamnati bayan rahoton kwamiti. Tsaftatacciyar raga kuwa kamar an wanke ta ne, kuma gwada jam'inta da lamba ka ji: tsaftatattun raguna 202. Mai sauraro zai ɗauka tumaki ake ƙirgawa.

Ɗan Jarida: Gaskiya ne Hajiya, na janye. "Wasan ba ci" fa?

Kocin Gola: Wasan ba ci shi ne canjaras babu ci, 0-0. Wannan daban. Ƙungiyar da ta ci 3-0 golanta ya samu "clean sheet", alhali an ci ƙwallo uku a wasan. A 0-0 kuwa gololin biyu ne duk suka samu. Kafin a raɗa suna a san iyakar abin, domin akwai wurare biyu da ake yawan kuskure. Idan ɗan bayanka ya ci gida, ta lalace, ko da ba laifinka ba ne. Bugun fenaritin raba gardama bayan an tashi wasa kuwa ba ya shiga lissafi: in an yi minti 120 babu ci, aka je fenariti aka zura maka biyar, wasan yana nan a 0-0 a rubuce.

Mai Nazarin Harshe: Abin da kuke nema suna ne, kuma Hausa tana da injin ƙera shi. Daga "kulle" mu samu KULLAU. Cech ya yi kullau 202. Gaɓa biyu, tana ɗaukar lamba, tana shiga kanun labari, babu ɗigon Turanci a cikinta. Malam Mai Fassara, ka sa ta gobe, in an ji a rediyo sau uku ta zauna.

Malamar Hausa: Allah gafarta Malam, ɗafin -au yana da aikinsa. Wankau, dakau, ɗinkau, duk aiki ne da ake yi wa wani a biya. Ko kuma laƙabin mutum, kamar Mantau. Wanda ya ji kullau zai ɗauka mai kulle wa mutane ƙofa ne don kuɗi, ko kuma sunan golan ne.

Mai Nazarin Harshe: To ai gola ma biyansa ake yi, Hajiya. Kuma tunda an zo nan, ita kanta "gola" da kuke ta maimaitawa me ta zo yi a rubutun Hausa? Muna da mai tsaron raga, muna da mai tsaron gida. Harshen da ba zai iya raɗa wa abu suna ba sai ya ara, ya amince ke nan shi ɗan rakiya ne. Larabci da Faransanci suna da majalisun da ke zama su ƙera kalma, mu kuwa kowa ya ji abu a talabijin sai ya haɗiye.

Ɗan Jarida: Ranka ya daɗe, talabijin ɗin da ka faɗa daga ina ta zo? Da rediyon? Gola ta daɗe da zama Hausa, har jam'i ta yi, gololi. "Daga kai sai gola" ai Hausa ce tsantsa, babu Baturen da zai gane ta.

Mai Nazarin Harshe: A labarai "bugun daga kai sai mai tsaron gida" ake cewa. Hausar labarai daban, ta bakin 'yan kallo daban. In muka bar ta biyun ta hau ta farko, yaranmu za su tashi ba su san bambanci ba.

Ɗan Jarida: Kalma bakwai don abin da ake gamawa cikin daƙiƙa ɗaya. Mai sharhin wasa kai tsaye kafin ya gama faɗa an riga an buga. Shi ya sa kowa ya koma fenariti. Kalmar da ba ta dace da baki ba, ko majalisa goma ce ta zauna a kanta, ba ta rayuwa.

Mai Fassara: Don Allah a dawo kan tambayata, lokaci yana tafiya. Ni dai a rubutun na sa "mai tsaron raga" a farko, sannan "gola" a sauran wurare.

Kocin Gola: Akwai abin da nake so a kiyaye, shi ya sa ban yarda da duk sunan da zai jingina abin ga gola shi kaɗai ba, kullau ko waninsa. A kakar nan ta 2004/05 ƙwallo 15 kacal aka zura wa Chelsea a wasa 38. A gaban Cech akwai John Terry da Ricardo Carvalho, ga Makelele yana share tsakiya. Akwai wasan da gola zai gama bai taɓa ƙwallo mai haɗari ba, a rubuta masa. Sannan ka dubi wasan ƙarshe na Kofin Zakarun Turai a 2012, Chelsea da Bayern Munich: Cech ya tare fenaritin Robben a ƙarin lokaci, ya tare na Olic a raba gardama, amma 1-1 aka tashi, don haka ba ya cikin lissafin. Haka Enyeama, golan Najeriya, a wasa da Ajantina a Kofin Duniya na 2010, shi aka zaɓa gwarzon wasa, amma ƙwallon da Heinze ya ci da ka ta riga ta shiga.

Ka kuma kula kada kalmar ta cakuɗe da "tarewa". Tarewa aiki guda ne, kuma iri-iri ce. Akwai kamawa: tafin hannu biyu a bayan ƙwallo, manyan yatsu kusa da juna, jiki a bayan hannu don in ta kuɓuce ta tarar da ƙirji. Akwai turewa idan bugun ya yi ƙarfin da ba za a riƙe ba, kuma gefe ake turawa ko saman turke. Wanda ya tura tsakiya ya ajiye wa ɗan gaba abinci. Akwai naushi, a kan ƙwallon kwana idan cunkoso ya hana kamu. Raga mita 7.32 ce a faɗi, 2.44 a tsayi, babu mai rufe ta da jiki, da tsayuwa ake rufe ta: ka fito 'yan taku ka matse wa mai bugu kusurwa, ƙafafu a dashe lokacin da zai buga. Yawancin ƙwallayen da ake zagin gola a kansu, yana cikin tafiya aka buga.

Malamar Hausa: Koci ya ba mu mafita bai sani ba. Matsalar ita ce mun nace sai suna, don Turanci suna ya yi amfani da shi. Hausa da aikatau take ƙirga irin wannan, da "sau". Mu ɗauki saiwar Malam mu bar ɗafin: ya kulle raga sau 202. Chelsea ta kulle raga. Sun kasa kulle raga a wasa biyar a jere. Tana hawa kan gola, tana hawa kan ƙungiya. In tsawon lokaci ake nufi: Edwin van der Sar ya yi minti 1,311 ragarsa a kulle a Firimiya, kakar 2008/09 da Manchester United.

Ɗan Jarida: Wannan ta zauna a kunne. A kan teburin alƙaluma ma "kulle raga: 202" ya isa. Abin da kawai nake tsoro, wani zai ji kamar salon tare gida ake nufi, a tara mutum goma a baya.

Malamar Hausa: Wancan tare gida ne, ko kulle baya. Raga ta bambanta su. Karon farko ya faɗi jimlar a cike, "wasa 202 ba a zura masa ƙwallo ba", daga nan ya ci gaba da gajeren.

Mai Nazarin Harshe: Wannan ba kalma ba ce, jimla ce aka yanke wa wutsiya. Kyautar safar hannu ta zinariya da Cech ya ci sau huɗu, ta wa ce? "Golan da ya fi kowa kulle raga." Da kullau sai ka ce sarkin kullau, ka wuce. Amma tunda saiwar tawa ce, ba zan hana ba. Ni dai a rubutuna kullau zan ci gaba da sawa.

Kocin Gola: Na amince da kulle raga a rubutu. A filin atisaye kuwa ba na jin za a daina cewa kilin-shit nan kusa.

Mai Fassara: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na sa cikakkiyar jimla a sakin layi na farko, sauran duk "kulle raga". Saura hular kariyar da ya riƙa sawa tun bayan karayar ƙoƙon kai a wasan Reading a Oktoban 2006. Na rubuta "hular kwano", amma tasa mai laushi ce irin ta 'yan wasan zari-ruga. In akwai mai wata kafin ƙarfe goma, ina nan.