Injin yankan ciyawa ɗan Baljiyam, wanne zan saya?

Malamin Makaranta: Salam 'yan uwa, filin ƙwallon makarantarmu a Daura ciyawa ta cinye shi tun farkon damina. Muna son injin da ake hawa amma ɗan Baljiyam, kuɗin kaɗan ne wallahi. Me zan duba?

Bakanike: Malam ka tada shi da sanyinsa, in hayaƙi shuɗi ya fito to baƙin mai yake sha, rabu da shi. Sannan ka leƙa ƙarƙashin farantin wuƙaƙen, tsatsa ta huda shi? Girgiza wuƙar da hannu bayan ka kashe injin, in tana lilo boris ya tafi.

Ɗan Kofar Ƙaura: Nemi mai injin kamfanin Briggs & Stratton, kayansa sun fi samuwa. Ni da nawa ba irinsa ba ne, bel kawai na yi wata biyu ina nema.

Malamin Makaranta: Allah ya saka da alheri, gobe zan je da bakanike.