Bayanan hotuna suna ɓacewa wajen ƙaura zuwa sabuwar ma'ajiyar fayiloli

Assalamu alaikum 'yan uwa. Muna neman taimako kan kwashe fayilolin abokan hulɗarmu daga tsohuwar manhajar adana hotuna da bidiyo zuwa sabuwa. Fayilolin kansu suna isa lafiya, domin mun gwada SHA-256 (lambar da ke nuna ko fayil ya canza) na kowanne kafin da bayan kwashewa, sun yi daidai. Bayanan da ke tare da su ne suka hana mu ci gaba.

Tsohon tsarin yana rubuta taken hoto da kalmomin nema a IPTC-IIM, wani tsari na ajiye bayanai a cikin fayil ɗin hoto, sabon kuwa XMP, wani tsarin daban, kaɗai yake karantawa. Mun sa ExifTool, manhajar karantawa da gyara bayanan hoto, ya kwafe su zuwa XMP, sai ƙ, ɗ da ɓ suka rikiɗe suka zama wasu alamomi marasa ma'ana. Zatonmu shi ne an rubuta bayanan da tsarin haruffa na UTF-8 amma ba a saka alamar CodedCharacterSet da ke nuna tsarin da aka yi amfani da shi ba, sai aka karanta su da tsarin haruffa na Latin. Shin tilasta UTF-8 wajen karantawa ya isa, ko zai ɓata fayilolin da asali da Latin ɗin aka rubuta su? Ta yaya ake rarrabe su kafin a taɓa?

Hotunan RAW (ɗanyun hotuna yadda kyamara ta ɗauke su) kuma bayanansu suna cikin fayil ɗin .xmp na gefe, sabuwar manhajar tana ɗaukarsa kamar wani kaya daban.

Abin da ya fi damunmu ranar ƙarewar lasisin amfani da hoto ce. Idan ta faɗi a hanya, abokin hulɗa zai iya buga hoton da izininsa ya ƙare bai sani ba. A wane filin XMP kuke ajiye ta?