Kano zuwa Gwanzu: awa nawa ne tafiyar a gaskiya?

Ɗan_Kwari:
Salamu alaikum. Don Allah masana tafiyar Caina, tikiti ya nuna tashi daga filin jirgin Malam Aminu Kano ƙarfe 1 na rana, sauka a Gwanzu washegari 3:30 na yamma. Wato awa 26 da rabi ke nan? Nisan ya kai haka?

Malam_Fagge:
Wa alaikumus salam. Alhaji, agogo ne ya rikita maka lissafi. Kowane lokaci da ke kan tikiti na garin da aka rubuta ne, kuma Caina ta riga mu da awa 7. Cire 7 daga 26 da rabi, saura 19 da rabi. Ita ce tafiyar, har da zaman jira.

A miƙe, tsakanin Kano da Gwanzu kilomita 10,900 ne ko kusa da haka. To amma babu jirgin da ke yin ta kai tsaye, sai an yada zango. Idan ta Habasha ce, Kano zuwa Addis Ababa wajen kilomita 3,300, awa 5 ko ƙasa kaɗan. Daga can zuwa Gwanzu kusan 8,000, awa 10 da 'yan mintuna. Awa huɗu da rabin da suka rage a kan benci za ka yi su a filin jirgin Bole na Addis Ababa, inda agogonsu ya riga namu da awa 2.

Hajiya_Zoo_Road:
Ƙari a kan bayanin Malam: dawowa ta fi tafiya tsawo. A can sama akwai iska mai ƙarfi da ke kaɗawa daga yamma zuwa gabas, tana tura jirgi in ya nufi Caina, tana tokare shi in ya juyo. Kuma kada a ce a raba nisa da gudun jirgi, wato kilomita 850 zuwa 900 a awa, a ce an gama. Akwai hawa, akwai saukowa, akwai layin jiran izinin tashi. Tun da yaƙin Sudan ya ɓarke a 2023 ma jirage na kauce wa sararin samaniyarta, hanya ta ƙara lanƙwasa.

Malam_Fagge:
Gaskiya ne Hajiya. Inda aka fi yin asara kuwa shi ne zangon. Kada ka karɓi wanda bai kai awa 2 ba, balle daga Disamba zuwa Fabrairu, lokacin da hazo ke rufe Kano jirgi ya kasa sauka ko tashi a kan kari. Sannan ka tabbatar ejan ya yanka maka tikiti ɗaya tun daga Kano har Gwanzu. In biyu ne daban-daban, jirgin farko ya makara, na biyun ba ruwansa da kai, sai ka sake biya. Wajen awon kaya ka duba takardar da aka liƙa wa jakarka, ka ga an rubuta CAN, wato alamar filin jirgin Gwanzu. In ka ga ADD, a Habasha za a sauke ta.