Rimin Bakin Masallaci: A Sare Ko A Bari?

Mai Katako: Salamu alaikum jama'a. Kowa ya ji reshen tsohon rimin bakin masallacinmu a nan Zariya ya karye cikin iskar daren Talata, ya rufta wa rumfar mai shayi. Allah ya tsare ba kowa a ciki. Ni ra'ayina a sare shi. Zamanin rimi ya wuce, katifar soso ta kori audugarsa. Kuma masu cewa zai ƙare a duniya su kwantar da hankalinsu: ƙungiyar IUCN mai lissafin halittun da ke cikin haɗari ta sa shi a sahun waɗanda babu fargaba a kansu. Yana nan jingim a kudancin Najeriya, da Gana, da Indonesiya, har Amurka ta Kudu.

Baba Mai Katifa: Wa alaikumus salam. Ɗana, sana'ar ubana kenan kake cewa ta wuce. Da zafin bazara kwanson rimi ke fashewa, mu yara mu bi gindinsa da buhu. Audugar ba ta kaɗuwa a yi zare, santsi gare ta, amma ba ta shan ruwa kuma ba ta da nauyi. Da ita ake cusa matashi da katifa, da ita ake cusa lifidin da kake gani a jikin dawaki ranar hawan Sallah. Turawa ma da ita suka riƙa cika rigunan ceton masu faɗawa teku a Yaƙin Duniya na Biyu. Har yau akwai dattawan da ke zuwa wurina neman matashin rimi don soso na sa su gumi.

Mai Katako: Allah ya ƙara girma Baba, ban raina sana'a ba. Amma matashi goma a shekara ba zai biya ran yaro ɗaya ba. A Firitawun ta ƙasar Saliyo akwai rimin da ya fi namu suna nesa ba kusa ba, wanda ake cewa bayin da aka 'yanta sun yi addu'a a gindinsa da suka sauka a 1792. Hotonsa har a takardar kuɗinsu. Ranar 24 ga Mayu 2023 ruwa da iska suka karya shi a tsakiyar birni. Gwamnati guda ba ta iya tsare nata ba, sai mu?

Malamar Kimiyya: Malam, maganarka kan IUCN gaskiya ce, amma lissafin duniya ne, ba na Zariya ba. Tambayar da nake so kowa ya amsa ita ce: yaushe rabonka da ganin ƙaramin rimi a cikin ganuwa? Ƙarami mai koren jiki da ƙaya a gangar jikinsa nake nufi. Yawancin ɗalibaina ba su san rimi na yin ƙaya yana yaro ba, domin tsofaffi kaɗai suka taɓa gani. Garin da ke da unguwannin Rimin Tsiwa da Rimin Doko, a ce babu na baya masu tasowa. Irin ya faɗi a kan siminti, wanda ya samu ƙasa ya tsiro akuya ta cinye. Abin da ke kashe rimi a ƙasar Hausa kenan, fiye da zarto.

Sannan amfaninsa bai tsaya a kan auduga ba. Da hunturu yake zubar da ganye ya yi fure, furen kuma da dare yake buɗewa. Ku je gindinsa bayan isha'i a watan Disamba ko Janairu, za ku ji wani wari mai ɗan tsami, ku ji fuka-fukan jemagu a sama. Ruwan furen suke sha, su kwashi garinsa a gashin fuska su kai wa wani rimin, a haka yake yin 'ya'ya. Da asuba ƙudan zuma su zo su kwashi saura, a lokacin da ciyawa ta bushe fure ya yi ƙaranci. Jemagun nan kuma su ne ke yaɗa irin ɓaure da wasu itatuwa a cikin kashinsu, nesa da inda suka ci.

Ɗan Bakin Kasuwa: Malama, jemagu fa ba abin so ba ne a masallaci. Mu ke wanke tabarmi. Kuma a faɗi gaskiya, wasu iyayenmu har yau ba sa bari yara su bi ta gindinsa da magariba, wai akwai iskoki. In an sare, camfin ma ya tafi.

Na'ibin Liman: Camfi da karantarwa ake kawar da shi, ba da gatari ba. Kuma a addini dashen itace sadaka ne ga wanda ya dasa muddin mutum ko tsuntsu ko dabba na ci daga gare shi. Wanda ya dasa wannan ba mu san sunansa ba, amma a inuwarsa muke sallar gawa.

Malamar Kimiyya: Ga shamuwa kuma, wadda manoma ke duba zuwanta su san damina ta kusa, a manyan itatuwa irin wannan take sheƙa. Ungulun da muka saba gani a mahauta ma tun 2015 aka sa ta a sahun tsuntsayen da ke gab da ƙarewa.

Mai Katako: Ungulu guba da masu sayar da kan ungulu a kasuwar magani suka fi kashe ta, kada a ɗora min.

Malamar Kimiyya: Haka ne. Amma 'yar da ta rage tana buƙatar dogon itacen da za ta yi ƙwai.

Baba Mai Katifa: Ɗana, tambaya ɗaya. In an sare, wa zai sayi gungumen?

Mai Katako: Ba na ɓoyewa, Baba, zan saya in an sayar. Katakonsa fari ne mara ƙarfi, gara na cinsa da wuri, magina ke tare kankare da shi su yar. Ribarsa kaɗan ce. Tsoron rai ne ya sa na yi magana, kuma na leƙa inda reshen ya ɓalle, ciki ya yi kogo.

Na'ibin Liman: To wannan ita ce maganar da za a duba. Mu ne muka daɓe gindinsa da siminti har ya shaƙe, kuma an daɗe ana ƙona shara a tsakanin saiwoyinsa. Gobe bayan la'asar zan samu mai unguwa a kira ma'aikacin gandun daji ya hau ya gani. In reshe ne ya ruɓe, a rage rassan da ke kan hanya, a fasa simintin. In uwar ce ta mutu, ba wanda zai hana sara.

Malamar Kimiyya: Ko me ya ce, ina roƙon a ba ni lafiyayyun rassa. Rimi na kamawa in an dasa reshensa da damina. Akwai fili a bayan makarantarmu, nesa da gidaje, zan sa a kewaye su da ƙaya saboda awaki.

Mai Katako: Na yarda a jira ma'aikacin. Amma daga yau a ɗage rumfar mai shayi, a hana almajirai kwana a wurin. In kuma wata ya wuce ba a zo ba, zan sake tayar da maganar.