Don Allah a taimaka min, babi na 3 ya maƙale

Ɗalibin Tarihi: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina aji huɗu, furojet ɗina kan yaƙin Sobiyet a Afganistan ne. Malamin da ke duba ni ya dawo min da babi na 3, jan biro ko'ina. Kuɗin firintin ya tafi, Baba kullum sai ya tambaya yaushe zan gama, abokaina har sun kai babi na 5. Wai na zuba makamai masu linzami na harbo jirgin sama, wato Strela-2 da Stinger da Blowpipe, a kwando ɗaya. Ba duk a kafaɗa ake harba su ba? Ina bambancin?

Tsohon Soja: Wa alaikumus salam. Yaro, malaminka ya yi daidai. Strela-2 ta Sobiyet ta 1968 zafi take bi, amma ba a sanyaya idonta, wato na'urar da ke hango zafin, sai jirgi ya wuce sannan ta bi bayansa inda injin ke hura wuta. Matuƙi ya watso ƙwallayen wuta, ko rana ta haske ta, shi ke nan ta ruɗe. Stinger, wadda sojojin Amurka suka fara riƙewa a 1981, da iskar argon ake sanyaya idonta, ko ta gaba jirgi ya taho tana ganinsa. Blowpipe ta Ingila kuwa ba ruwanta da zafi, mai harbi ne ke tuƙa ta da babban yatsa har ta isa. A yaƙin tsibiran Falklands tsakanin Ingila da Ajantina a 1982 kunya ta bayar.

Maman Yara: Gara kai an karanta naka. Nawa malamin ajiye babin ya yi har na haihu.

Na Bakin Kasuwa: Ka bar wannan dogon lissafi. Rubuta cewa Stinger ta iso hannun mujahidai a 1986, ta kakkaɓo jirage masu saukar ungulu kusa da birnin Jalalabad, Sobiyet ta fice a 1989. Magana ta ƙare.

Tsohon Soja: Kada ka kuskura. Gorbachev, shugaban Sobiyet na lokacin, ya riga ya fara neman hanyar fita. Matuƙa kuma suka koma tashi can sama, inda makami mai zangon kusan kilomita 5 ba ya yi musu komai.

Ɗalibin Tarihi: Baba na gode, amma ni tarihi nake karanta ba injiniyanci ba. In na shiga maganar argon babin zai kumbura, kuma taken Stinger aka riga aka sa min hannu a kai.

Tsohon Soja: To me ya kawo ka tambaya?

Maman Yara: Ka dai kai wa malamin da safe, kafin ransa ya ɓaci.